Tayoyin da ke Ƙarƙashin Ƙofar Gilashi

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau durƙusawa za mu yi a bakin ƙofa mu leƙa ƙarƙashinta. Ƙofar da nake nufi ita ce ta gilashi mai firam ɗin alminiyam, wadda ake turawa gefe ta zame, wato silaidin. A da sai a banki da otal da gidajen manya ake ganin irinta. Yanzu kuwa, daga sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Abuja har Maraɗi da Yamai, da wuya ka shiga ginin zamani ba ka tarar da ita ba, ko tsakanin falo da baranda, ko a gaban shagon magani, ko a wurin aski.

Ranar da aka kafa ta, ƙaramin yaro ma da yatsa ɗaya yake tura ta. Bayan hunturu biyu ko uku sai labari ya sha bamban. Uwargida ta sa hannu biyu, maigida ya haɗa da kafaɗa, yara su tokare bango da ƙafa suna ja. Ƙofa na tafiya tana kuka, mai barci a ƙuryar ɗaki sai ya san an fita baranda. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Wani ya ce mai alminiyam ne ya yi ha'inci, wani ya ce ginin ne ya zauna, wani ya ce dama kayan yanzu ba su da ƙarko. Wani lokaci akwai gaskiya a ciki. Amma galibi matsalar tana wajen wasu 'yan tayoyi da aka ɓoye a cikin firam ɗin ƙasa, ɗaya a kowace kusurwa, waɗanda faɗin kowacce bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba.

Mu fara da nauyin da suke ɗauke da shi, don yawancinmu muna raina shi. Lissafin gilashi ba shi da wuya. Murabba'in mita ɗaya, in kaurinsa milimita ɗaya ne, nauyinsa kilo 2.5 ne. To ɗauki ƙofa mai tsayin mita 2 da faɗin mita 1, gilashinta mai kaurin milimita 6. Gilashin kaɗai kilo 30 ke nan, ba a sa firam ba. In kuwa irin mai gilashi biyu ce da iska a tsakani, wadda ake sa wa don riƙe sanyin na'urar sanyaya ɗaki, kilo 60 ke nan, ta fi buhun siminti nauyi. Duk wannan a kan tayoyin nan yake, su kuma a kan wani siririn ƙarfe da ya ɗan taso a tsakiyar layin ƙasa suke gudu. Inda taya ke taɓa wannan ƙarfe 'yan milimita ne kawai, kuma safe da yamma ana kai da komowa a kansa.

Sai ƙura, kuma nan ne tamu ta bambanta da ta ƙasashen da ba su san hazo ba. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas. Kaso mai yawa na ƙurar da take kawo mana daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda wani makeken tafki ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, iska kuma tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi ƙasar wurin. Wannan farin hazo da ke kwanciya a kan tebur da gashin ido, shi ne ke sauka a layin ƙofarka. A haɗa da rairayin tsakar gida da ke shigowa a takalmi. Wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin ma'adinai a 1812, daga 1 zuwa 10. A wannan ma'auni ƙwayar rairayi tana mataki na 7, gilashi yana wajen 5 da rabi, alminiyam kuwa bai kai 3 ba. Ke nan in aka danne ƙwayar yashi tsakanin taya da layi, aka kuma aza musu kilo 30, yashin ba abin da zai same shi. Layin ne zai ci wuya, sai tayar.

Ba hunturu kaɗai za mu ɗora wa laifi ba, da hannunmu a ciki. A gidaje da yawa in an share falo, ta wannan ƙofa ake koro shara zuwa waje. Tsintsiya ta tsallake, rabin sharar ya faɗa cikin ramin layi. Sannan a zo da ruwan goge tayil, ya gangara can, ƙura ta zama taɓo, taɓo ya bushe ya zama dutse. Duk wanda ya taɓa ciro tsohuwar taya ya san abin da ake tararwa. Gashi da zaren kafet sun naɗe a jikin ƙarfen da take juyawa a kai, sun yi cunkus har sai an sa reza. Ga ƙwayar shinkafa, ga ɓawon gyaɗa, ga ledar alewa, wani lokaci har da ɗan kunnen da aka daɗe ana nema.

To ga abin da ke faruwa a hankali, kuma shi ne dalilin shirin yau. A cikin tayar kirki akwai boris, 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke sa ta juya sumul. Ƙura ta shiga boris, ya fara cijewa. Taya ta daina juyawa, amma mutanen gida ba su daina turawa ba. Maimakon ta mirgina sai ta riƙa jan ciki a kan layi, gefe ɗaya ya goge ya baje. Ƙofa ta ɗan yi ƙasa. Firam ɗinta ya fara gugar layin, alminiyam a kan alminiyam. Wannan baƙin gari da kake gani a bakin ƙofa, wanda ke ɓata gefen labule, ba datti ba ne, layin ƙofarka ne ke gogewa. Taya abu ce mai araha, kuma don a riƙa canza ta aka yi ta. Layi kuwa a jikin firam yake, firam kuma a cikin gini, an bi shi da filasta da tayil. Wanda ya canza taya da wuri, aikin yini ɗaya ya yi, ko ma rabin yini. Wanda ya bari ta cinye layi, sai ya kira mai alminiyam da magini da mai tayil. Ni a ganina, duk ƙofar da ta kai sai an sa mata hannu biyu, ranar ya kamata a duba ta, kada a jira bayan salla.

Akwai kuma maganin da kowa ke fara kaiwa gare shi, wanda ƙara cutar yake yi. Da ƙofa ta fara kuka sai a ɗauko baƙin mai, ko giris, ko man gyaɗa daga kicin, a tsiyaya a layi. Kwana biyu ta yi laushi, kowa ya ce alhamdulillahi. Ran na uku man ya kama duk ƙurar da ta gifta, ya zama baƙin kwaɓi mai yashi a ciki, yana goge taya da layi fiye da da. Ita taya mirginawa ake so ta yi a kan busasshen layi mai tsabta. In za a sa mai, a cikin boris ake sa shi, ɗan kaɗan, kuma mai na silikon da ake fesawa ya bushe shi ya fi dacewa. Shi kuwa WD-40 da ke kowane shago, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1953 don korar danshi daga jikin ƙarfe, yana da amfani wajen kwance sukurun da ya yi tsatsa, amma ba ya daɗewa a matsayin man boris.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, kafin a taɓa sukudireba, a fara da kunne da ido. Tura ƙofar a hankali daga farko zuwa ƙarshe. In kana jin ƙurus-ƙurus, yashi ne a layi ko a boris. In tana tafiya tana ɗan tsalle, kif, kif, kif, a tazara iri ɗaya, tayar ta baje a gefe guda. In kana jin ƙarfe na gugar ƙarfe, ƙofar ta zauna. Sai ka kusa rufe ta, ka bar ɗan fili kamar yatsa ɗaya, ka ja baya ka duba. In filin ya fi faɗi a sama ko a ƙasa, taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta lalacewa, shi ya sa makulli ya daina kamawa sai an ɗaga ƙofa da hannu.

Amma fa akwai ciwon da ba na taya ba. In ƙofa na tafiya lafiya a gefe da gefe, sai ta zo tsakiya ta cije, duba sama. Wataƙila lintal ɗin da ke bisa ƙofar ya sunkuyo ya danne firam, ko kuma layin ƙasa ya kumbura saboda tayil ya taso. Wannan ko ka canza taya goma ba ta warkewa. Aikin magini ne.

In ka tabbata daga ƙasa ne, fara da shara. Tsohon buroshin haƙori, da tsumma, da ruwan sabulu kaɗan. Ka kankare busasshen taɓon da ɗan icce, kada ka sa wuƙa, ka tuna taurin alminiyam. A jikin layin ta waje za ka ga wasu 'yan ƙananan ramuka. Ba kuskuren maƙeri ba ne, magudanar ruwan sama ce. In sun toshe, ruwan Agusta sai ya kwanta a layi, tayoyi su yi ta wanka a ciki har boris ya yi tsatsa. Zura tsinke ka buɗe su.

Bayan shara sai a gwada saiti. A yawancin ƙofofi, a can ƙasan kowace kusurwa, ko a gefen da ke shiga bango ko a fuskar firam, akwai ɗan rami, wani lokaci an toshe shi da 'yar roba. A cikinsa akwai sukurun da ke ɗaga taya ko ya sauke ta. Yawanci juya shi dama ɗaga ƙofa yake yi, hagu kuma ya sauke ta, sai dai ba duka kamfanoni suka yarda da wannan ba, don haka juya rabi ka ga abin da ya faru. A kula, sau da yawa ramuka biyu ne kusa da juna. Ɗaya na saiti ne, ɗayan kuma shi ke riƙe da kusurwar firam. Ƙofofi da yawa daga shara da saiti suke warkewa. In taka ba ta warke ba, to sai an sauke ta.

A nan zan ɗan ja hankali, don nan ne ake jin ciwo. Wannan aikin mutum biyu ne, manya. Kada jarumtaka ta ɗebi maigida ya ce shi kaɗai ya isa. A sa takalmi rufaffe, ba silifa ba, a sa safar hannu mai kauri, a kai yara ɗaki a rufe, kuma kada a zaɓi ranar da iska ke kaɗawa. Sannan a san irin gilashin da ake riƙe da shi. Akwai wanda aka gasa, ana zafafa shi ya haura digiri 600 sannan a sanyaya shi da iska farat ɗaya. Irin wannan ya ninka gilashin gama-gari ƙarfi kamar sau huɗu, in kuma ya fashe rugurgujewa yake yi ƙanana-ƙanana. Yawanci akwai ɗan tambari a kusurwarsa. A Amurka tun 1977 doka ta hana sa gilashin gama-gari a irin waɗannan ƙofofi, saboda yawan raunukan da aka samu. Mu nan kuwa, in ka tsaya a shagon mai alminiyam ka ga ya shimfiɗa gilashi a tebur, ya ja masa layi da abin yanka, ya ɓalle shi ƙas, to ka sani ba gasasshe ba ne, domin gasasshe ba ya yankuwa. Irin wannan in ya fashe, dogayen tsinin wuƙaƙe yake zama. Shi ma gasasshen yana da lagonsa: fuskarsa na jure bugu, amma in kusurwarsa ta daki tayil, duka yake tarwatsewa. Saboda haka tun kafin a ɗaga, a shimfiɗa kwali ko katako a ƙasa, a kuma tanadi tebur ko benci biyu da bargo a kai.

In akwai ƙofar ragar sauro, ita ake fara cirewa, ba ta da nauyi. Sannan a juya sukurun saiti na kusurwa biyu har tayoyi su shige cikin firam gaba ɗaya. Ƙofa za ta yi ƙasa, fili ya buɗe a sama, kuma wannan fili ake nema. A kawo ƙofar tsakiya, mutum ɗaya a kowane gefe. A ɗaga ta sama ta shige cikin ramin firam na sama, sai a jawo gindinta ya tsallake layi, sannan a sauko da ita. In ta ɗagu amma taya ta ƙi tsallakewa, a zura siririn faifan ƙarfe irin na shafa fenti a ƙarƙashin tayar a taimaka mata. In ta ƙi ɗaguwa sam, kada a yi kokawa da ita. Leƙa ramin sama, wataƙila akwai ɗan toshi na roba ko sukuru da aka sa don hana ɓarawo ɗaga ta, ko wani dogon ƙarfe da aka ɗaure da sukurori ya tare kanta. In irin wannan ƙarfe ne, mutum ɗaya ya riƙe ƙofar kafin a kwance sukuru na ƙarshe, don da ya fita ba abin da ke riƙe da ita. A wasu ƙofofin kuma sai an fara cire ɓangaren da ba ya motsi. A ɗauke ta a tsaye, sai an kai kan bargo a kwantar.

Yanzu ga gindin ƙofa a gabanka. Kowace taya tana cikin ɗan gidanta na ƙarfe ko na roba, an cusa shi cikin firam. Sau da yawa sukuru ɗaya ke riƙe da shi, wani lokaci ma shi ne dai wanda ya haɗa kusurwar firam. Kwance shi, ka zura sukudireba ka banƙaro gidan a hankali, ko ka jawo shi da filaya. Kafin ka ciro, ɗauki hotonsa da waya, ka ga ina sukurun saiti ya fuskanta. Mutane da yawa sun mayar da sabuwar taya a juye, sai da suka rataye ƙofa suka tarar ramin saiti ba ya kallon komai. Akwai ƙofofin da gidan tayar ba ya fita sai an zare firam ɗin ƙasa daga jikin gilashi, ana ɗora katako ana bubbuga shi da guduma kaɗan-kaɗan. In taka irin wannan ce kuma hannunka bai saba ba, shawarata ka tsaya nan ka kira mai sana'a. Haka in gilashin ya riga ya tsage, ko ƙofar doguwa ce ƙwarai, ko a bene take. Kuɗin aikinsa bai kai kuɗin gilashi ba, balle na ɗinki a asibiti.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Sai kasuwa. A Kano akwai Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, a Kaduna akwai Panteka, a Abuja Dei-Dei, a Yamai kuma Katako, ban da shagunan masu alminiyam da ke kowace unguwa. Duk inda za ka, tafi da tsohuwar tayar a aljihu. In ka je hannu rabbana, ga yadda za ta kaya:

"Malam, tayar silaidin nake nema."

"To Alhaji, ta ƙofa ko ta taga? Mai ɗaya ko mai biyu? Mai rami ko mai tudu? Ta roba ko ta ƙarfe?"

Kai kuma ka tsaya kana kwatance da yatsu. In kuwa ka ɗora tsohuwar a kan kanta ka ce ga irinta, magana ta ƙare. Tambayoyin nasa duk suna kan hanya. Babu taya guda da ke shiga kowace ƙofa. Dole faɗin tayar ya zo daidai, haka bakinta: mai rami a tsakiya tana hawa kan layi mai tudu, mai tudu kuma tana gudu a cikin kwari. Gidan ma sai tsawonsa da faɗinsa da inda ramin sukuru yake sun dace. Bambancin milimita biyu ya isa ya sa ka koma kasuwa. Ƙofofi masu araha wasu ba su da sukurun saiti ko kaɗan, to a irinsu tsayin sabuwar tayar sai ya zama daidai da na tsohuwar lokacin tana sabuwa.

Ga gwajin da za ka yi a tsaye a shagon. Murza tayar da yatsa. Ta kirki tana juyawa shiru, ba ta rawa. Karkaɗa ta gefe da gefe, in tana lilo, ajiye ta. Leƙa tsakiyarta: akwai masu arha da babu boris a ciki sam, roba ce kawai aka zura a kan ƙusa. Irin wannan ta taga ce, ba ta ƙofa mai kilo 30 ba. In ka samu mai boris rufaffe, wanda aka toshe gefensa da murfi don kada ƙura ta shiga, ƙara kuɗi ka saya, don ƙasarmu aka yi shi. Mai taya biyu a gida ɗaya tana raba nauyi, ita ta dace da manyan ƙofofi, in dai firam ɗin zai karɓe ta.

Roba ko ƙarfe? Nan masu sana'a kan yi gardama. Ta ƙarfe ta fi ɗaukar nauyi, ta fi daɗewa, mai shago ma ita zai fi yaba maka. Amma a kan layin alminiyam ni na fi karkata ga ta roba mai tauri, wato nailan, mai boris a ciki. Ba ta da ƙara, ba ta tsatsa, kuma in an daɗe ita ce za ta goge ta bar maka layi. Ta ƙarfe kuwa in ta ƙi gogewa, layin ne zai biya. Sai dai in ƙofar mai nauyi ce sosai, ko layin an lulluɓe shi da ƙarfe, to ta ƙarfe ta dace. 'Yan'uwanmu da ke Legas da Fatakwal da Akara da Duwala, inda iskar teku ke cin ƙarfe, su nemi wadda ba ta tsatsa. Kuma biyu za ka saya, ka canza duka, ko da ɗaya ce ta mutu. Sabuwa da tsohuwa ba sa ɗaukar nauyi daidai, bayan wata kaɗan za ka sake sauke ƙofa.

Tun ƙofa tana kwance, koma ka dubi layin da kyau, ka bi shi da yatsa. In ƙananan tabo ne, takardar yashi mai laushi ta isa. In ya ɗan lanƙwashe, katako da guduma za su miƙe shi. In kuwa tudun ya goge ya baje, akwai wata siririyar hula ta ƙarfe mara tsatsa da ake yankawa daidai tsawon layi a kifa a kai, a bubbuga ta zauna. Ba kowane shago ke da ita ba, amma in an samu, ta raba ka da fasa tayil. Ɗora sabuwar taya a kan layin da ya lalace asarar kuɗi ce.

Mayarwa ba ta da wuya. Goge cikin firam, cusa sababbin tayoyi yadda hoton ya nuna, ɗaure, ka tabbata sun shige ciki. Kan ƙofa ke fara shiga ramin sama, sannan a tura gindi a sauke shi a hankali. Durƙusa da tocila ka ga bakin kowace taya ya hau layi sosai. In an cire ƙarfen sama, a mayar da shi kafin kowa ya saki.

Saura saiti, kuma nan ake gane mai haƙuri. Wannan ɗan sukuru ba a yi shi don ya ɗaga kilo 30 shi kaɗai ba. Abokin aikinka ya ɗan tallafi kusurwar, kai kuma kana juyawa, in ba haka ba kan sukurun zai cinye ka rasa yadda za ka yi da shi. Da hannu ake yi, ba da injin ɗaure sukuru ba. Juyi ɗaya a nan, juyi ɗaya a can, ka tura ka ji. Ɗaga ta har ta daina guga, ka tsaya nan, don in ta yi sama da yawa kanta zai riƙa cije ramin sama, iska da ƙura kuma su samu hanya ta ƙasa. Sai ka sake barin filin yatsa ɗaya ka duba. In ya fi faɗi a sama, sauke tayar da ke kusa da makulli ko ka ɗaga ta baya. In ya fi faɗi a ƙasa, akasin haka. Da filin ya daidaita daga sama har ƙasa, gwada makulli. In ƙugiyar ba ta faɗa raminta ba, kada ka ɓata saitin taya saboda ita. Ƙarfen da ke jikin firam, wanda ƙugiyar ke kamawa, yana da dogayen ramukan sukuru, sassauta shi ka matsa sama ko ƙasa.

Kafin ka tattara kaya, tsaya daga waje, ƙofa a kulle, ka gwada ɗaga ta. Ka ga dai yadda kuka fitar da ita ɗazu, ɓarawo ma ya san wannan hanya, kuma ƙofar da tayarta ta goge ta zauna ta fi sauƙin ɗagawa saboda filin sama ya ƙaru. In ta ɗagu har tana neman tsallake layi, ɗaura sukuru biyu ko uku a cikin ramin sama, ka bar kawunansu a waje yadda ƙofa za ta wuce ƙarƙashinsu amma ba za ta ɗagu ba. Da dare kuma a kwantar da sanda daidai tsawon layi a bayanta. A zaɓi wadda kowa a gidan zai iya ɗaukewa da hannu ɗaya cikin duhu, domin ranar gobara, Allah ya kiyaye, wannan ƙofar na iya zama mafita.

Ga masu haya, a sanar da mai gida ko wakilinsa kafin a sauke ƙofa, a nuna masa baƙin garin da ke layi. Gara ya ji labarin taya yau da a zo ranar tashi ana jayayya a kan wa ya lalata firam.

Daga nan kulawar ba ta da yawa. Lokacin hunturu a bi layin da buroshi duk mako, da damina a duba 'yan ramukan ruwa, a kuma roƙi mai shara ta riƙa kwashewa a cikin falo maimakon korowa ta bakin ƙofa. In gashin buroshin da ke gefen firam, wanda ke tare ƙura, ya ƙare, ana sayar da shi da mita, zare tsohon ake yi a zura sabo.

Tagogin silaidin ma haka tsarinsu yake, sai dai tayoyinsu ƙanana ne, kuma yawanci ba su da saiti. In a bene tagar take, a jawo ta cikin ɗaki, a kuma tsayar da wani a ƙasa ya hana mutane wucewa har a gama.

  

(Kiɗan rufe shiri)